Yadda Merv Ya Koya wa Madam Tsoro

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Noeleen Dunstall ya san ba a isa garin Hillston da wuri. Daga gonarsu tafiyar awa guda ce, amma ita sai ta mai da ita biyu, don ba ta wuce gawar kangaru a bakin titi. Da ta hango sai ta daki gaban mota da tafin hannu, mijinta Merv ya taka birki yana ƙunƙuni. Ta sauka ta juya gawar, in mace ce ta zura hannu cikin jakar cikinta ta lalube, domin mota takan kashe uwa ta bar ɗa da rai a ciki, wani lokaci har kwana biyu. In ba komai sai ta ɗauko gwangwanin fenti ta fesa wa gawar jan gicciye, mai zuwa a baya ya san an duba. In kuwa da ɗa, ta cusa shi cikin rigarta, fata da fata, ta dawo mota ta ce, "To me kake jira? Ja mu je."

Shi Merv makiyayin tumaki ne, ɗan makiyayin tumaki. A wajensa kangaru ɓarawon ciyawa ne mai ɓalle shinge, shi ke nan. A shekarun fari ya harbe su ba adadi, jajayen nan na fili, da masu ruwan toka na cikin itatuwa, har da gajeru masu gashi buzu-buzu da ke saukowa daga duwatsu, bai kuma taɓa rasa barci a kai ba.

"Gwamnati ta zana shi a jikin kuɗi, ta ɗora shi a tambarin ƙasa," yakan ce. "To ta zo ta kwashe abinta ta ciyar a ofis mana."

"Kai ma ai ciyar da kai ake yi," in ji Noeleen. "Me ka taɓa tsinanawa? Miƙo mini kwalbar can."

Haka suka yi shekara arba'in da ɗaya, shi yana harbi a bayan gona, ita tana raino a ɗakin girki. Rigunan filo rataye a ƙofofi, kowace da jela ko dogayen ƙafafu a waje. Sai dai Noeleen tana da dokokinta, kuma ba ta wasa da su. Ba a sa musu suna. Kare ba ya zuwa ko kusa. Da zarar ɗa ya bar kwalba kuma, ta kai shi babban shingen da ke bakin rafi, nesa da gida, ba mai sake taɓa shi, har ita da ta yi wata da watanni tana goyonsa. Wanda ya biyo ta, da tsintsiya take korarsa. Mutane suna cewa matar nan zuciyarta dutse ce. Ita kuwa amsarta ɗaya: kangarun da ba ya tsoron mutum da kare gawa ne, ranarsa ce kawai ba ta zo ba.

A watan Afrilu, tana cikin shanya, ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, baki ya karkace. Da ana sa ta cikin motar asibiti ta damƙe hannun Merv, ta yi ta kokawa da harshenta. Shi ya sunkuya yana jiran wasiyya. Abin da ya fito shi ne, "Madara... ta gwangwani. Ba ta saniya ba."

'Yar ƙarshe da ta tsinto ke nan take nufi, wata 'yar mitsitsiya da ke rataye a jikin kujerar ɗakin girki, mai tsaga a kunnen hagu inda mota ta shafe ta. Jinsin jajaye ce, amma su matan launin hayaƙi gare su. 'Yarsu da ke aure can birnin Perth ta bugo waya ta ce, "Baba, ka kai ta wajen wata mai raino, ba aikinka ba ne." Ya ce to, gobe. Goben nan har yau ba ta zo ba.

Daga asibiti aka mai da Noeleen gidan jinya a Hillston. Gida ya yi wa Merv faɗi. Mutumin da ya saba da safe a ce masa ya cire takalmi, da rana a ce ya sa hula, da yamma a ce ya yi wari, yanzu ko tari ya yi bango ne ke amsa masa. Kewa ta kama shi irin wadda bai san sunanta ba, don tun yana ɗan shekara ashirin da shida bai kwana gida shi kaɗai ba.

Da 'yar kangarun ya fara magana. In madara ta yi zafi ta kau da kai, in ta huce ta kau da kai, sai an daidaita mata. "Iko sai Allah," ya ce. "To Madam, yaya kike so a yi miki?" Suna ya zauna ke nan. Da sanyin Yuni ya shigo, don a ƙasarsu lokacin ne hunturu, ya ga kamar rigar filo ba ta isa ba, ya riƙa cusa ta cikin rigar sanyinsa yana zagayen tumaki da ita. Tsohon karensa Nugget, wanda bai taɓa taka dokin ƙofa ba, shi ma aka ce ya shigo ya ji ɗumin murhu. Merv ya koyi ƙyas-ƙyas ɗin da uwar kangaru ke yi da harshe in tana kiran ɗanta. Da ya yi sai Madam ta taho a guje ta yi alkafura cikin rigarsa, kai ƙasa ƙafafu sama, shi kuwa ya yi ta dariya shi kaɗai kamar wani yaro.

Ta bar kwalba, bai kai ta bakin rafi ba. Ta girma ta kai masa ƙugu. Da safe tare suke cin gasasshen burodi, nata ba man shanu. In ya tada a-kori-kura ta bi shi da tsalle, in ya tsaya ta leƙo taga. Da rana ta kwanta a inuwar tankin ruwa, Nugget ya ɗora haɓa a kan jelarta. Merv ya san dokokin sarai, ba mantawa ya yi ba. So ne ya hana shi ganin laifi, ga shi kuma ba mai tsawata masa.

Laraba da Lahadi yake zuwa Hillston. Magana ta fara dawo wa Noeleen, a hankali, kalma-kalma, amma kaifin yana nan.

"Yarinyar fa?"

"Tana can bakin rafi. Ko kallona ba ta yi."

"Ka rame. Wa ya goge maka rigar nan, tunkiya?"

A watan Oktoba aka ba ta izinin wuni a gida. Merv ya share ko'ina, ya gasa cinyar rago da dankali, ya kulle Madam a rumfar askin tumaki, ya tafi ɗauko matarsa. Bai san ta koyi ture sakatar rumfar da hanci ba. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Suna shigowa ƙofar gona sai ga ta nan tafe, tsalle ɗai-ɗai cikin ƙasaita, Nugget na biye yana kaɗa jela. Ta zagayo ɓangaren Noeleen, ta dafa taga da hannuwanta biyu, ta zuro hanci tana neman burodi. Kare ya miƙe ya lashi kunnenta.

Noeleen ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga hannun dama kamar za ta shafa kan, sai ta mai da shi kan cinyarta.

"Merv," ta ce. "Ka kashe ta."

"Haba Noel, dubi jikinta fa. Sumul..."

"Ka sa mata suna?"

Ya kau da kai.

"Na ce ka sa mata suna?"

"Madam."

Ta rufe ido. Shi kuwa ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gidan ya yi shiru da yawa, Noel."

"Na sani, tsoho. Na sani. Amma ita za ta biya." Ta numfasa, ta haɗo sauran kalmomin da ƙyar. "Col maƙwabcinmu ya zo gaishe ni. Ya karɓi takardar izinin harbin kangaru. Bayan sabuwar shekara maharba za su shigo gonarsa. Mota za ta tsaya, sauran su watse, taka ta je neman burodi."

Merv ya fi kowa sanin yadda abin yake. Wanda ya tsaya yana kallon mota shi ake fara ɗauka.

"Mai da ni," ta ce. Cinyar ragon nan ko ɗanɗanawa ba ta yi ba.

Washegari Merv ya ɗauki Nugget ya nufi gonar maƙwabcinsa Col Pattenden, wadda shingen waya ne kawai ya raba ta da tasa. Ya ce a riƙe masa tsohon karen na wata uku, a kuma ara masa baƙar karyar nan da ko ɗan aike ba ya sauka daga mota saboda ita. Col ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tabɗi! Merv Dunstall uwar goyo! Kai da ka cika rami uku da su a shekarar fari? Ka ba ta nono ne ma, ko kwalba kawai?"

"Ka gama?"

"Ban gama ba, wannan sai na kai shi mashaya ran Juma'a." Ya share hawaye. "Kai, bar wahalar da kanka. Ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, in gaya wa maharban su ƙyale ta."

"Karnukan daji fa, su ma za ka gaya musu? Da manyan motocin titi? Da ranar da ta je neman burodi wajen wani ɗan iska da ba mu sani ba?"

Col ya daina dariya, ya je ya kwanto karyar.

Merv ya kai Madam babban shingen bakin rafi, ƙarƙashin itatuwan turare, inda garken jajaye ke zuwa shan ruwa safe da yamma. Ya kulle ya juya. A bayansa ta fara kira, wani ɗan kuka mai kama da busasshen tari. Bai waiwaya ba, amma sau biyu mota na mutuwa a hannunsa kafin ya bar wurin.

Koya mata tsoron kare bai ba shi wahala ba. Ranar farko da ya ɗaure baƙar karyar a wajen waya, Madam ta taho da fara'arta ta zaci wani Nugget ne. Karyar ta yi kukan kura ta daki waya da haƙora, kumfa na zuba. Madam ta yi tsalle uku ta kai ƙarshen shinge, tana lasar hannuwanta tana rawar jiki. Cikin mako guda, ko haushi ta jiyo daga nesa sai ta miƙe kunnuwa ta nemi hanya. Ta kuma fara kula 'yan'uwanta ta cikin waya, suna shinshinar juna.

Tsoron Merv ne ya gagara. Ya zo da tsohuwar garwa yana duka, ta ɗauka sabon wasa ne. Ya yi ihu, ya buga ƙafa, ya jefe ta da hoge, ta matsa kaɗan ta tsaya tana sosa ƙirji tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa dattijon da ya sha ya yi yawa. Yana ajiye garwa ta dawo ta kama bakin rigarsa tana neman hanyar shiga, ita da ko ƙafarta ɗaya ba za ta shiga ba yanzu. Sabo turken wawa, aka ce, amma a nan ba a san waye wawan ba cikin su biyun. Disamba ta shigo da zafinta, Kirsimeti saura kwana goma, Madam na nan tana tarbar motarsa.

Ran Lahadi ya zauna gaban gadon Noeleen yana murza hularsa. Tun ranar nan ba ta sake tambayarsa yarinyar ba, shi ma bai tayar ba.

"Na kasa," ya ce. "Kare kam ta ji tsoronsa. Ni ne ta raina. Ke yaya kike yi ne? Na ga kina korarsu da tsintsiya kamar kaji, ko a jikinki."

"Ko a jikina?" Ta juyo da kyau. "Duk ranar da na saki ɗaya, ina kake gani nake zuwa?"

"Bayan tanki. Duba famfo."

"Famfo! Shekara arba'in, Merv, ni na san yadda ake duba famfo? Kuka nake zuwa yi, sakarai."

Kunya ta rufe shi, ya ji tausayin matar nan ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, "Waɗanda tsintsiya ba ta kora fa?"

"Bindigarka. Sama nake harbawa, dab da kunnensu. Ranar da ka tafi kasuwar tumaki."

"Au! Ashe ke ce! Ni ina can ina zargin Col da ɗibar mini harsashi, har na yi wata biyu ba na gaishe shi!"

Rabin bakinta ya yi murmushi, na farko tun Oktoba. Sannan ta ce, "Kada ka yi da rabin zuciya. Tana gane ƙarya. Ka sa ta yarda kai mugu ne."

Da sassafe ya je, lokacin da garken ke kiwo a gefen rafi. Ya buɗe ƙofar shinge gaba ɗaya ya tokare ta da dutse. Madam ta fito, ta dubi 'yan'uwanta, ta dube shi, ta zaɓe shi. Ya bari ta zo kusa, har yana ganin tsagar kunnenta da dogon gashin idonta. Ya ɗaga bakin bindiga sama ya danna. Garke ya watse. Ita ta daskare wuri ɗaya, ba ta gane daga ina masifar ta fito ba, har ma ta yi kamar za ta faɗo jikinsa neman mafaka. Nan ne Merv ya yi abin da ya fi komai yi masa ciwo a rayuwarsa. Ya hankaɗe ta da ƙafa, ya sake harbawa, ya bi ta a guje yana zage-zage da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Ta gudu.

Ta dawo washegari, ta tsaya daga nesa. Ya sake. Ta dawo bayan kwana biyu, nesa fiye da da. Ya sake. Daga nan bai ƙara ganinta ba.

Maharban Col suka shigo cikin Janairu suka yi makonsu biyu suka tafi. Merv bai tambaye su komai ba, bai kuma je bakin rafi ba, don tsoron abin da zai gani ko abin da ba zai gani ba. Ya karɓo Nugget, suka ci gaba da cin burodinsu su biyu. Kullum sai ya gasa yanka uku, ya tuna, ya ba kare na ukun.

Noeleen ce ta gaji. Da aka sake ba ta wuni a watan Maris, suna shiga ƙofar gona ta ce, "Ba gida ba. Rafi."

An yi ruwa a makon, fili ya yi kore shar. La'asar ta yi sanyi, garken ya fito kiwo, za su kai talatin, manyan maza jajaye kamar bulo, mata launin hayaƙi. Merv ya kashe mota daga nesa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Noeleen ce ta fara gani, ta nuna da haɓa. Can gefe, kusa da wani kututture, wata budurwar kangaru tana kiwo, kunnenta na hagu da tsaga.

"Tana da rai," in ji Merv. "Noel, tana da rai! Mu tafi kada mu dame ta."

"Sauka."

"Me?"

"Wataƙila sa'a ce ta yi. Sauka ka kira ta, mu gani."

Ya sauka. Ya taka a hankali cikin ciyawa har ya rage tazara. A ransa yana addu'a biyu masu karo da juna, bai kuma san wadda yake so a amsa ba. Ya tsaya, ya yi ƙyas-ƙyas da harshe, ya ce, "Madam."

Ta ɗago kai, ciyawa a bakinta. Kunnuwa suka juyo gare shi, mai tsagar da ɗayan. Ta miƙe tsaye a kan jela ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, iska na kai mata ƙanshin rigar da ta girma a ciki. Sai ta daki ƙasa da ƙafafun baya, dim, irin dukan da suke yi in sun ga abin tsoro. Ta juya ta cilla, garke duka ya rufa mata baya, suka tsallake rafi suka shige cikin itatuwa.

Daga mota ya jiyo ana dukan gaban mota da tafin hannu, ana wata dariya karkatacciya. Ya dawo ya zauna, ya ja ƙofa, ya kama makulli bai murɗa ba.

"Ko waiwaye ba ta yi ba," ya ce.

"Ba ta yi ba. Ka yi aiki, tsoho."

"Bari in... in duba tayar baya, kamar ta sace."

Ya kai hannu zai buɗe ƙofa, Noeleen ta riƙo wuyan rigarsa da hannunta mai lafiya, ta jawo furfurarsa ta kwantar a kafaɗarta.

"Tayar lafiyarta lau," ta ce. "Yi abinka a nan. Ni na yi nawa a bayan tanki ni kaɗai, kai ba sai ka yi haka ba."